Noman Oganik ko Irin da Aka Sauya wa Halitta: Wanne Ya Kamata Manomi Ya Bi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina jin ɓangarori biyu suna jayayya. Wasu na cewa takin zamani da magungunan feshi da irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta sun kashe ƙasa kuma suna cutar da mutane, don haka dole a koma noman oganik. Wasu kuma na cewa idan aka yi hakan yunwa za ta halaka jama'a. Ni ɗalibi ne mai niyyar shiga noma bayan karatu. Wane ɓangare ne ke da gaskiya, kuma wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka daidai, kana son sanin ko hanyar noman da ke ciyar da mafi yawan mutanen duniya a yau tana lalata tushen da take tsaye a kansa, da kuma ko hanyar da ake kawowa a madadinta za ta iya ɗaukar nauyin. Abin da ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne an yi wa abubuwa uku kuɗin goro. Noman oganik tsarin ƙa'idoji ne da ke hana takin zamani da mafi yawan magungunan da ake haɗawa a masana'anta, kuma a dokokin Amurka da na Tarayyar Turai ya hana irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Sauya ƙwayoyin halitta kuwa dabara ce ta kyautata iri, aikinta a kan iri ya tsaya. Noman masana'antu shi ne tsarin shuka amfani guda a fili mai faɗin gaske shekara bayan shekara, da manyan injuna da taki da feshi masu yawa. Ana iya samun katafariyar gonar oganik da ke shuka abu ɗaya tak tana huɗar ƙasa har ta gaji, kamar yadda ake samun ƙaramin manomi mai hekta guda da ke shuka irin da aka sauya wa halitta. Wanda bai raba waɗannan uku ba zai yi ta ɗora wa wani laifin wani.

Daga ina naitirojin zai fito

Duk wanda ya zo mini da tsarin noma, ko wane suna ya ba shi, tambayar da nake fara yi masa ita ce inda zai samo naitirojin, domin shi ne sinadarin da yabanya ta fi bukata kuma shi ne ya fi saurin ƙarewa a gona. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cinsa a wannan siffa. A shekarar 1909 wani masanin Jamus, Fritz Haber, ya nuna yadda za a haɗa shi da haidirojin a samu amoniya, Carl Bosch kuma ya kai aikin matakin masana'anta a 1913. Daga nan takin zamani irin su yuriya ya samo asali, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen da ke raye a yau da abincin da wannan taki ya samar suke rayuwa.

Ga lissafin da nake sa ɗalibai su yi da hannunsu. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Busasshen kashin shanu kuwa yakan ɗauki kashi 1 zuwa 2 ne kawai, ɗanyensa ma bai kai haka ba. Kenan kafin ka maye gurbin buhu ɗaya sai ka kwaso taki sama da tan guda, kuma ba duka zai narke wa shuka a daminar farko ba. Sannan ita saniyar ba ƙirƙirar naitirojin take yi ba, daga ciyawar wani fili ta ci ta kawo maka. Takin dabbobi ɗauko albarka ne daga wannan fili a kai wancan. Hanya ɗaya babba da manomi ke da ita ta shigo da sabon naitirojin ba tare da masana'anta ba ita ce dangin wake. Ka tuge wake ko gyaɗa mai lafiya lokacin da ta fara fure, za ka ga ƙananan ƙullutu a jikin saiwar. Ka tsaga ɗaya da farce. Idan cikinsa ja-ja ne kamar nama, ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a ciki suna aikin kama naitirojin daga iska; idan fari ne ko kore, aikin bai kankama ba ko ya tsaya. Wannan kyauta ce babba daga Ubangiji, sai dai tana cin fili da lokaci, domin filin da ka bar wa wake ko ciyawar rufe ƙasa a bana ba zai ba ka hatsi a bana ba.

Wannan shi ne babban dalilin giɓin yawan amfanin gona da ke tsakanin noman oganik da na takin zamani. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, ya gano cewa amfanin gonar oganik yana ƙasa da na takin zamani da kimanin kashi 25 cikin 100 a matsakaici, kuma giɓin ya fi faɗi a hatsi, ya fi ƙanƙanta a dangin wake da itatuwa. Wani na 2015 ya samu kimanin kashi 19, ya kuma nuna cewa giɓin yakan sauko ƙasa da kashi 10 inda ake juya shuka da haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Giɓin yana da muhimmanci saboda abin da aka rasa a hekta sai an nemo shi a wata hektar, kuma sau da yawa daji ake sarewa a same ta.

Sri Lanka ta nuna wa duniya abin da gaggawa ke haifarwa. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Gotabaya Rajapaksa ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, alhali ba a tanadi takin da zai maye gurbinsa ba, ba a kuma horar da manoma ba. Noman shinkafa da na ganyen shayi ya faɗi warwas, ƙasar da ke ciyar da kanta da shinkafa ta koma sayowa daga waje, kuma kafin shekarar ta ƙare an janye haramcin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar Sikkim ta Indiya, wadda aka ayyana a matsayin mai noman oganik gaba ɗaya a 2016, ta fara shirin ne tun 2003, ga ta kuma ƙaramar jiha ce da dama can ba ta dogara da takin zamani sosai ba.

Inda masu sukar noman masana'antu suka yi gaskiya

Kada wannan ya sa ka ɗauka kukan masu oganik na banza ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Gajeruwar alkamar da Norman Borlaug ya samar a Meziko, wadda ta kai shi ga lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970, da shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966, sun ceci ɗimbin jama'a daga yunwa a Asiya. Amma a yankin Punjab na Indiya, inda aka shafe shekaru ana maimaita shinkafa da alkama, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta ja da baya, manoma na ƙara zurfafa rijiyoyin burtsatse. A duniya baki ɗaya, abin da shuka ke ci daga naitirojin da ake zuba mata bai kai rabi ba. Sauran yakan bi ruwa ko iska. Wanda kogin Mississippi ke kwasowa daga gonakin masarar Amurka yana haifar da wani yanki a Tekun Meziko inda iskar da ke cikin ruwa ke ƙarewa duk bazara har kifi ya gudu ko ya mutu. Dogaro da iri ɗaya ma yana da nasa haɗarin: a 1970 wata cutar ganye ta cinye kimanin kashi 15 cikin 100 na masarar Amurka, saboda mafi yawan irin da aka shuka a lokacin tsatsonsu ɗaya ne. Ka lura cewa wannan ya faru shekaru 26 kafin a fara noman masarar da aka sauya wa halitta.

Abin da ya fi damuna a matsayina na wanda ya daɗe yana aiki da ƙasa shi ne mutuwarta a hankali, wadda ba a gani sai ta yi nisa. Gwajin da nake nuna wa manoma ba ya bukatar kayan aiki. Ka ɗebo busasshen dunƙulen ƙasa daga gonar da aka daɗe ana huɗa ana ƙone kara ana zuba takin zamani shi kaɗai, ka ɗebo wani daga gefen shinge inda ganye ke ruɓewa, ka jefa kowanne a kofin gilashi mai ruwa. Na farkon zai wargaje nan take ruwan ya yi duhu. Na biyun zai tsaya a dunƙule yana fitar da 'yan kumfa, ruwan kuma ya zauna garau. Abin da ya riƙe shi ruɓaɓɓen ganye ne da zaren naman gwari da yauƙin da ƙananan halittu da tana ke bari. Ƙasar farko ita ce wadda ruwan sama ke gudu a kanta ya tafi da taki, ta kuma bushe da an yi kwana goma babu ruwa. Na sha ganin gonar da ake ƙara mata buhu a kan buhu amma amfaninta bai motsa ba, kuma kusan duk lokacin da na tona sai in tarar da wannan matsalar ce. Wani gwaji da aka fara a Suwizalan a 1978, aka wallafa sakamakon shekaru 21 na farko a 2002, ya samu amfanin filayen oganik ƙasa da kashi 20 cikin 100, amma takin da makamashin da aka kashe sun ragu da kashi 34 zuwa 53, maganin feshi da kashi 97, ƙasar kuma ta fi yawan tana da ƙananan halittu. Wannan darasi ne da kowane manomi ke bukata, ko yana da takardar shaidar oganik ko ba shi da ita.

Sai dai tambarin oganik ba ya nufin babu feshi. Ana halatta wasu magunguna na asali, ciki har da sinadarin tagulla da ake fesa wa inabi da dankalin turawa, wanda ke taruwa a ƙasa ya cutar da tana idan aka daɗe ana yi.

Batun irin da aka sauya wa halitta

An fara noma irin wannan iri da yawa a 1996, kuma har yau dabi'u biyu ne suka mamaye kasuwarsa. Ta farko ita ce Bt. Wata ƙwayar bakteriya ce da ke cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda ke samar da furotin mai huda cikin wasu tsutsotsi, kuma manoman oganik da kansu sun daɗe suna fesa ta. Abin da masana suka yi shi ne ɗauko ƙwayar gadon da ke yin furotin ɗin su sa a cikin auduga ko masara, shukar ta riƙa kare kanta. Ta biyu ita ce jure maganin ciyawa na gilaifoset, yadda za a fesa wa gona duka ciyawa ta mutu shuka ta tsira.

Game da lafiyar ci, Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta duba ɗaruruwan bincike a rahotonta na 2016, ba ta kuma sami hujjar cewa amfanin da ke kasuwa ya fi sauran haɗari ga ɗan'adam ba. Wannan rahoton dai ya ce bai ga shaidar cewa fasahar ta ƙara saurin hauhawar amfanin gona a Amurka ba, maganar da masu tallar iri ba su cika ambata ba. Shi kuwa gilaifoset, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a 2015 cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, yayin da hukumomin kula da muhalli da abinci na Amurka da Turai suka ce ba ya yin hakan idan an bi ƙa'idar amfani. Ni masanin ƙasa da shuka ne, hukuncin wannan saɓani na likitoci ne, amma abin da na sani daga gona shi ne mai feshi ba takalmi ba safar hannu ba abin rufe hanci shi ne ya fi kowa shiga haɗari, ko wane magani yake fesawa.

A ganina kowane iri da nasa hukuncin. Gwandar Hawaii da cutar bairos ta kusa shafewa an ceto ta ne da irin Rainbow da masanan jami'a suka samar aka raba wa manoma a 1998. A Bangladesh cibiyar binciken gwamnati ce ta fitar da gautan Bt bayan amincewar 2013, manoma suka rage feshi ƙwarai, kuma suna iya ajiye irinsu. A ɗaya gefen, Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008 ta kuma watsar da ita a 2016, saboda zarenta ya gajarce darajarta ta faɗi a kasuwa. Dabi'ar jure maganin ciyawa ita ce na fi ɗari-ɗari da ita, domin tana koya wa manomi maimaita magani ɗaya a kan shuka ɗaya. Kafin a cika shekara goma da fara ta, wata ciyawa dangin alayyafo ta daina jin gilaifoset a gonakin audugar jihar Jojiya ta Amurka, har wasu manoma suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cire ta da hannu.

Labarin jar tsutsar auduga ya fi kowane nuna inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar Bt ita ce a bar wani yanki na gona da auduga marar Bt, domin tsutsotsin da ba su da juriya su rayu su yi barbara da 'yan kaɗan masu juriya, kada juriyar ta yaɗu. A kudu maso yammacin Amurka an kiyaye wannan ƙa'ida, daga baya aka haɗa da sakin ƙwarin da aka mayar bakarare, har aka ayyana kawar da tsutsar a 2018. A Indiya, inda aka amince da audugar Bt a 2002, ƙananan manoma da yawa ba su bar wannan yanki ba, tsutsar kuma ta saba da furotin ɗin manoma suka koma feshi. Fasahar ɗaya ce, tsutsar ɗaya ce, kula da tsari ne suka bambanta.

Wa ke riƙe da iri

Nan ne nake ganin tsoron mutane yana da tushe mai ƙarfi. Kamfanin Bayer ya sayi kamfanin Monsanto a 2018 a kan kimanin dala biliyan 63, ChemChina ta sayi Syngenta a 2017, Dow da DuPont suka haɗe aka fitar da Corteva daga cikinsu, kuma yanzu kamfanoni huɗu ne ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wani manomin jihar Indiana da ya sake shuka waken suya mai haƙƙin mallaka ba da izini ba. Amma a gyara wani kuskure da ya yaɗu: irin da ake cewa an kashe masa haihuwa don kada ya tsira a shekara ta biyu an yi masa rajista a 1998, ba a kuma taɓa sayar da shi ba. Abin da ke hana manomi ajiye iri yarjejeniya ce da doka, ko kuma kasancewarsa iri mai aure, wanda 'ya'yansa ba sa fitowa kamar iyayensu, kuma wannan ya girmi fasahar sauya halitta da shekaru masu yawa. Saboda haka idan aka kawo maka sabon iri, ka tambayi wanda ya mallake shi da abin da doka ta ba ka damar yi da girbinka.

Abin da zan ba ka shawara

Tunda noma za ka shiga, ka fara da gwajin ƙasa kafin ka sayi buhu ko ɗaya, ka san tsaminta da abin da ta rasa. Ka ɗauki dabarun masu oganik a matsayin ginshiƙi: juya hatsi da dangin wake, barin kara a gona maimakon ƙonawa, haɗa takin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, rage huɗa inda ƙasa ta yarda. A kan wannan ginshiƙi ka ƙara takin zamani gwargwadon abin da ya rage, ka raba shi kashi biyu ko uku, ka binne kusa da saiwa maimakon watsawa a sarari rana da ruwa su kwashe. A filayen gwajin da na kula da su, inda aka haɗa takin biyu ya saba fin inda aka zuba ɗaya kaɗai, musamman a shekarar da ruwa ya yi tsaiko. Kafin ka ɗauki abin feshi, ka zaga gonar ka duba ƙarƙashin ganye ka ƙirga ƙwarin, domin ba kowace tsutsa ce ta kai a kashe kuɗi a kanta ba. Akwai kuma dabaru irin wadda cibiyar binciken ƙwari ta ICIPE ta samar a Kenya, inda ake shuka wata ciyawa dangin wake a tsakanin layukan masara tana korar tsutsar kara tana kuma danne ƙuduji, a kewaye gonar da ciyawar giwa da ke jan ƙwarin waje.

Takardar shaidar oganik kuwa shawara ce ta kasuwa. Sauyawa yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku, amfani yakan ragu a wannan tsakani, binciken masu ba da shaida kuma da kuɗinsa, don haka kada ka shiga sai ka tabbatar da mai sayen da zai biya ƙarin farashi. Har yanzu filin oganik mai shaida bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na filin noman duniya ba. Idan kuma hukumar ƙasarka ta amince da wani iri da aka sauya wa halitta, kuma yana magance ƙwaron da ke cin gonarka da gaske, ka gwada shi a ɗan yanki kusa da irin da ka saba, ka bar yankin marar Bt kamar yadda aka ƙayyade, ka rubuta abin da ka kashe da abin da ka girba na damina biyu ko uku. Ban ga gonarka ba, kuma ƙasa mai yashi da mai laka ba sa karɓar magani ɗaya, don haka idan ka samu sakamakon gwajin ƙasarka ka kai wa malamin gona mafi kusa da kai ku zauna ku fitar da adadin takin tare.